In Ja Wayar Intanet Zuwa Ɗakin Mara Lafiya, Ko In Mayar da Matata Gida?

Assalamu alaikum, Malam Ghali.

Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san idan ka ga farkon takardar nan za ka ce mutumin nan ya yi ɓatan kai, maganar waya da intanet ai shagon masu gyara ake kai ta, ba filin shawara ba. Ka daure ka karanta har ƙarshe. Duk wanda na fara yi wa zancen a nan sai ya ɗauka ƙorafin sabis nake yi, ya ce in canza kamfani.

Ni mutumin Gumel ne, na haura shekara ashirin a Riyad, ina kula da sito a wani kamfanin kayan gini. Muna haya a unguwar Utaiƙa, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu. Babban namiji ne, bari in kira shi Kamil, tunda ba sunansa na yanka ba ne bakina zai iya faɗa. Ƙanwarsa Hajar tana ajin ƙarshe a sakandare. Uwarsu kuma in ce mata Bashira. Duk a nan aka haifi yaran.

Gidan tsohon gini ne, dogo kamar lungu. Majalisi, wato falon baƙi, yana bakin titi, daga shi sai siririyar hanya, sai kicin, sai ɗakin Hajar, sai can ƙurya ɗakinmu da banɗakinsa. Kamil yana sama, a ɗan ɗakin da ke kan rufi. Bangon gidan kuwa, Malam, ni da nake cikin kayan gini ban cika ganin irinsa ba, ƙusa ma sai ta lanƙwashe kafin ta yarda ta shiga. Lokacin da aka kawo mana layin faiba, a majalisi aka ajiye rauta, wato akwatin nan da ke rarraba intanet a gida, don nan ne kusa da titi. A majalisi sabis kamar ruwan famfo. A kicin da dama-dama. Kafin a kai ƙurya ya mutu murus. Layin wayar hannu ma a ɗakin nan sai ka manne da 'yar taga yake kamawa.

Da can ba mu damu ba, mai son kira sai ya tako majalisi. Sai ciwon ƙoda ya kama Bashira. Yanzu rana ɗaya tana asibiti ana yi mata wankin ƙoda, rana ɗaya tana kwance tana farfaɗowa daga wankin. Matar da in ana suna a gidajen Hausawan unguwar nan ita ake kira ta yi funkaso da dambu, yau daga gado zuwa banɗaki sai an riƙe ta. Inshorar kamfaninmu ce ke ɗauke da jinyarta, inshorar kuma tana rataye da iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar. Ka riƙe wannan a ranka, zan dawo kansa.

Mun so mu mayar da ita majalisi da kwana, ta ƙi, kuma tana da gaskiya. Ƙofarsa tana kan titi, motocin kasuwa ba sa barin mutum ya runtsa, banɗaki kuma ya yi mata nisa. Sai muka saba, in jikin ya yi sauƙi Hajar ta kamo ta a hankali zuwa majalisi bayan la'asar, ta kira mahaifiyarta Hajjo a Haɗeja, su ga juna, su yi hira. Tun da ciwon ya kama ta ba ta je gida ba. Wannan kiran shi ne abin da ya rage mata.

A watan Rajab da ya wuce, ina wurin aiki, an dawo da ita daga asibiti ke nan tana kwance, sai yayanta Maulud ya kira ta bidiyo. Ashe jikin Hajjo ya rikice, ta ce a kira mata Bashira tana da magana. Kiran ya shiga, amma hoton ya tsaya cak, muryar tana yankewa. Hajar ta fizgi wayar ta ruga majalisi don kada kiran ya katse, ta ajiye ta, ta dawo ta kamo uwarta. Ka san wanda aka yi wa wankin ƙoda ranar, ƙafarsa ba tasa ba ce. Suna tafiya suna tsayawa, har Bashira ta zube a ƙofar kicin, yarinyar nan ita kaɗai ta ɗago ta. Kafin su isa majalisi harshen tsohuwa ya karye. Ta rayu har washegari, amma ba ta ƙara magana ba.

Bashira ba ta yi kuka mai sauti ba, da ma ta yi. Ta juya fuskarta bango. Bayan sadakar bakwai ne ta ce da ni, ba tare da ta kalle ni ba, "Na ga bakinta yana motsi kafin hoton ya tsaya. Ban san me ta ce ba." Maulud ya ce shi ma bai ji da kyau ba, mata sun cika ɗakin. Malam, na san ajali ba ya jiran sabis. Amma in na tsaya a hanyar nan ta cikin gida na dubi tazarar da ke tsakanin majalisi da ɗakinmu, abin da bai fi a yi taku kaɗan ba, sai in shiga ƙirga takun ina maimaitawa.

Daga nan na shiga neman gyara kamar wanda aka yi wa asiri. Na sayo na'urar ƙara ƙarfin sabis, wadda a nan suke ce wa muƙawwi, na maƙala a kicin. Ta nuna sabis ya cika, amma in ka kira sai ya riƙa shaƙewa. Na sayo wata da aka ce tana bi ta wayar wutar lantarki, ita ma ta ƙi, wai wayoyin wutar gidan sun tsufa. Kamil, da yake kwamfuta ya karanta, ya bar ni na gama wahalata, sannan ya ce da ni da Hausarsa mai haɗe da Larabci, "Baba, khalas. Bangon nan ba ya barin iska. Lazim waya." Ya yi mini bayani cewa sai an ja kebul daga rauta har cikin ɗakin, a kafa wata 'yar na'ura a can ta riƙa ba da sabis daga ciki.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka ɗauki tef muka zaga gidan muna aune-aune. Tun da ya girma ban taɓa ganinsa da zumuɗi irin na ranar ba. Shi ba ɗaki ɗaya yake so ba, gidan gaba ɗaya yake so a yi wa. Ya ce a sa wani akwatin rarraba layi a ƙarƙashin matakala, daga nan kebul ya tafi kowane ɗaki, har kicin, har kan rufi, kowanne da mazauninsa a bango kamar soket. Muka gano tsofaffin bututun wayar tarho a cikin bango, muka yi murna, muka zura waya sai ta tokare, ashe siminti ya toshe su tun zamanin da aka yi gyara. Saura hanya uku. Ko a huda bango uku a jere. Ko a fita da kebul ta tsakar gida, inda ranar Riyad ke soya ko tiyon ruwa ya farfashe. Ko a bi da shi a fili ta jikin bango, a lanƙwasa ta saman ƙofofi, wanda Kamil ya ce aikin ƙazanta ne, shi ba zai sa hannunsa a ciki ba. Huda bangon ya zaɓa. Har ya sayo kwalin kebul, yana nan a hanya ba a buɗe ba, kowa na ratse shi.

Na je neman izini. Dattijon da ya ba mu hayar gidan, mutumin kirki, ya rasu bara, ɗansa ne ke kula da gidajen yanzu. Ya saurare ni a tsaye, ya ce huda bango mamnu'u, ko rami ɗaya bai yarda ba. Ya ƙara da cewa magada suna shawarar sayar da gidan, ba zai yi mini alkawarin sabunta haya ba in wa'adi ya cika. Na fito daga ofishinsa ban san inda na ajiye mota ba.

Da na gaya wa Kamil, sai ya faɗa mini abin da ya sa yake ta gaggawa. Shekarunsa sun kusa kaiwa inda ba zai ci gaba da zama a ƙarƙashin iƙamata ba. Na san da haka, amma ina ta cewa Allah zai kawo kafili, wanda zai ɗauke shi aiki ya tsaya masa a kan takardun zama. Ya nema, ya je unguwar Malaz ya je ko'ina, kowa ya ce a bar lamba za a kira. Ya gaji, ya yi magana da ƙanina a Kano, ya yanke shawarar bayan Babbar Salla zai tafi. Yaron da bai taɓa yin wata biyu a jere a Najeriya ba, wanda in ya yi Hausa a waya 'yan uwansa ke dariya. Ya ce da ni, "Ina so in na tafi Umma ta gan ni sosai in na kira. Ba na so ya zama kamar na Hajjo." Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Ina cikin wannan sai ita mai jinyar ta kira ni. Ashe tana jin duk aune-aunen da muke yi. Ta ce kada in huda bangon kowa, kada in ja wata waya. Ta ce, "Baban Kamil, ba hoto nake so ba. Ka haɗa ni da yaron nan mu tafi. In ga kabarin Hajjo, in kwanta inda in na yi tari 'yar uwata za ta ji." Na ce mata wankin ƙodar fa? Ta ce a can ma ana yi. Na ce ba kamar nan ba, kuma inshora ba ta bin mutum Haɗeja. Ta ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tun ranar in na shigo da maganar kebul sai ta rufe ido kamar barci ya ɗauke ta.

Malam, ni na san mutanen garinmu da suka kamu da wannan ciwo a gida. Na san yadda iyalansu suka yi ta fama, yau inji ya lalace, gobe babu wuri, jibi sai an tafi wani gari. Wataƙila yanzu an samu sauƙi, ban sani ba. Amma zuciyata tana gaya mini in na sa ta a jirgi, da hannuna na rage mata kwana. In na riƙe ta a nan kuma, na riƙe ta ne a ɗaki mai ƙaramar taga, a gidan da ba mu san ko za mu kai baɗi a ciki ba, ɗanta ya tafi, uwarta ta rasu, ni kuma ina sito daga safe har magariba. Gaba kura, baya siyaki.

Hajar ma ta canza. Ba ta shiga majalisi yanzu sai dole. Karatunta a kicin take yi, a tsaye, don nan ne sabis ke ɗan kamawa. Wata rana na ji tana ce wa yayanta Kamil da ta sani da ba ta ruga da wayar ba, da ta tsaya jikin taga. Ban san yadda ake fara irin wannan magana da 'ya mace ba.

Ni kaina abin ya zame mini ciwo. A wurin aiki sai in tsinci kaina ina zana hanyar kebul a bayan kwali, ta nan zai bi, ta can zai lanƙwasa. Na san tsawon kowane bango a gidan nan, amma na kasa zama gefen gadon matata in yi mata magana ta minti biyar ba tare da na kawo zancen waya ba. Wani lokaci nakan ce in huda bangon kawai, mai gida ya yi abin da zai yi. Wani lokaci nakan ce in mayar da kwalin, mu tattara mu koma gaba ɗaya, ko da ban san me zan yi a Gumel da wannan shekarun ba.

To ka gaya mini. In yi aikin nan ko in bari? In zan yi, ta wace hanya, tunda an hana ni huda bango? In bi zuciyar yaron nan da ke son ya bar wa uwarsa wani abu, ko in bi maganar uwar da ta ce ba ta so? Kuma in na ja wayar, ba na ce mata ke nan ta cire rai da gida ba?

Naka cikin damuwa,
Wani Bagumale a Utaiƙa

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Allah Ya jiƙan Hajjo, Ya sa ta huta, Ya ba maiɗakinka lafiya. Ba ka yi ɓatan kai ba, nan ne wurin maganarka.

Abu na farko, ka ɗaure abubuwa biyu da igiya ɗaya, shi ya sa ka kasa ɗaga ko ɗaya. Jan kebul aikin yini guda ne, in an tashi barin gida a naɗe shi a sa a jaka. Komawar mara lafiya gida kuwa magana ce ta rai, tana buƙatar likita da bincike da shawarar dangi. Ka mayar da kebul ɗin nan kamar rantsuwa cewa a Riyad za a mutu, ita ma haka ta ɗauke shi, shi ya sa take rufe ido. Ku kwance wannan ƙullin tukuna. Ko bayan Salla za ta tafi, daga yau zuwa Salla tana da 'yan uwan da za ta kira, kuma shirin tafiyar ma da waya za a yi shi.

Bari in sallame ka a kan aikin, don shi ne mai sauƙi. Na zauna da wani abokina da wannan ce sana'arsa, na karanta masa fasalin gidanka. Ɗanka ya yi gaskiya, irin wannan bango sai kebul. Amma ba kwa buƙatar rami ko ɗaya, kuma ba kwa buƙatar yi wa gidan da ake shirin sayarwa aikin gidan gado. Layi ɗaya za ku ja, daga rauta zuwa ɗakin mara lafiya. Akwai kwaroron roba fari mai gam a bayansa, ana manna shi a gindin bango, a hau da shi ta saman ƙofa, kebul ya kwanta a ciki a rufe. In an yi shi da natsuwa ba ya muni. Inda za a shiga ɗaki, a duba ƙarƙashin ƙofa ko gefen ramin na'urar sanyaya ɗaki, tsofaffin gidaje ba sa rasa 'yar kafa a nan. Ku tabbata kebul ɗin na jan ƙarfe ne zalla, irin wanda ake kira Cat6, kada ku matse shi a kwana, kada kuma ku jera shi manne da wayar wuta. Hanyar tsakar gida ku bar ta, sai in ba yadda za a yi, ita kuma sai da kebul na waje a cikin bututu. A ƙarshen layin a kafa 'yar na'urar da za ta ba da sabis a ɗakin. Kamil ya duba muƙawwin da ka saya, in yana da ramin kebul mai yiwuwa shi ma ya wadatar. Kafin ku manna komai, ku shimfiɗa kebul ɗin a ƙasa ku kira gida ku gani, amma ku ɗauke shi da wuri, kada mai jinya ta harɗe. Ɗan mai gida kuma ka aika masa saƙo a rubuce cewa ba huda za ka yi ba, mannawa ce, kuma in gam ya ɗago fenti za ka gyara. Kada ka huda a ɓoye. Kana cikin halin da ba ka buƙatar ƙarin rigima, amana kuma amana ce ko mai ita ya yi maka tsaye.

Game da Kamil, ka fahimci cewa tsarin nan nasa na kowane ɗaki da soket, kukansa ne yake yi da abin da ya iya. Kada ka ce masa ya yi yawa. Ka ce masa uwarsa ce a gaba, a fara da nata, sauran in gidan ya tabbata a hannunku sai a ƙara. Ka bar shi ya ja layin da hannunsa, kai ka riƙe masa tsani. Ya koya wa Hajar yadda ake haɗawa da yadda ake tayar da na'urar in ta tsaya, kai ma ka tsaya ka gani, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ka riƙa yi masa Hausa kuna aikin, ko zai amsa da Larabci. Zai buƙace ta nan gaba kaɗan fiye da yadda yake tsammani.

Yanzu babbar maganar. Tsoronka gaskiya ne. Wankin ƙoda ba abin da ake tsallake rana ba ne, kuma wanda ya ce maka ka sa ta a jirgi kawai ka dogara ga Allah bai yi maka adalci ba. Amma ita ma maganarta gaskiya ce. Mace ce mai hankalinta, jikin nata ne, uwarta ta rasu ba ta karɓi gaisuwa a ɗakinsu ba, ga ɗanta zai tafi. Wanda ke kwance ya san abin da mai tsaye bai sani ba. Ka lura kai da kanka ka ce ba ka san yadda abin yake a gida yanzu ba. To kada ka yanke hukunci da labarin shekarun baya, kada ita ma ta yanke da kewa. Ka sa Maulud da ƙaninka na Kano su taka da ƙafarsu zuwa wuraren da ake wankin, su tambayi masu jinya a can, ba ma'aikata kaɗai ba, yadda ake samun wuri, da abin da ake yi in inji ya tsaya, da nauyin da ke kan iyali. Ku je wurin likitanta tare, ita ta yi tambaya da bakinta, shin jikinta zai ɗauki tafiya, kuma ana iya shirya mata ziyara ta ɗan lokaci, a tanadi wurin wanki a can kafin ta tashi? Mai yiwuwa likita ya ce a'a. Mai yiwuwa ya ce e, da sharaɗi. Tsakanin zama har abada da tafiya ba dawowa akwai ziyara, kuma ban ga alamar kun taɓa ɗora ta a faifai ba. In duk bayani ya zo ta ji da kunnenta, ta ce har yanzu gida take so, to wannan zance ne da za ku yi da istihara da manyanku, ba ni zan yanke muku ba. Abin da na sani shi ne, mutumin da aka bincika masa da gaske yakan iya haƙura da amsar da ba ya so. Wanda aka toshe wa baki da "ba kamar nan ba" ba ya haƙura, shiru kawai yake yi.

Akwai wadda ka ambata a gurguje, ni kuwa ita ta fi tsaya mini a rai. Hajar tana ɗauke da mutuwar kakarta a ka, ita kaɗai, a tsaye a kicin. Ka ce ba ka san yadda ake farawa ba. Ba wani salo ake yi ba. Ka kira ta, ka ce ka ji abin da ta gaya wa yayanta, ka ce mata abin da ta yi shi ne daidai, kuma babu wanda ya san ko daga wane ɓangare sabis ya yanke ranar, don Haɗeja ma ba kullum layi ke da kyau ba. Ka gaya mata yarinyar da ta ɗago uwarta daga ƙasa ita kaɗai albarka ta cancanta, sannan ka sa mata albarkar da bakinka. Wannan kada ya kai gobe. Kai ma ka gaya wa kanka haka, domin na ga kana auna hanyar nan ta cikin gida kamar kai ka gina ta.

Kalmar da Hajjo ta faɗa ta tafi, ba kebul ɗin da zai dawo da ita, kuma kada ka yi wa maiɗakinka alkawarin cewa gyaran nan zai warkar da wannan. Amma matan da suka cika ɗakin ranar suna nan da rai. A cikinsu akwai wadda ta fi kusa da bakin tsohuwa, akwai wadda ta yi jinyarta a makonnin ƙarshe ta ji irin abin da take faɗa a kan 'yarta ta Riyad. A nemo su, su zauna da ita ɗaya bayan ɗaya, ba cikin hayaniya ba.

Kafin ka taɓa tsani ko gam, ga abin da za ka fara. In ka dawo aiki, ka ajiye wayarka a majalisi, ka shiga ka zauna a gefen gadonta. Ka ce mata ka ji maganarta ta gida, ba ka watsar ba, ga waɗanda ka sa su bincika, ga ranar da za ku ga likita. Sannan ka nemi izininta a kan layin, ka ce ɗanta ne ke son ya yi mata da hannunsa kafin ya tafi. Ban san uwar da za ta ƙi wannan ba. In ta yi kuka ka bar ta ta yi, ka daɗe kana jiran sa. In ta yi shiru, kai ma ka yi shiru, amma kada ka tashi.

Allah Ya ba ta lafiya mai ɗorewa, Ya buɗa wa Kamil inda zai sa ƙafa, Ya sanyaya zuciyar Hajar, kai kuma Ya ba ka ladan ɗawainiya, Ya zaɓa muku abin da ya fi alheri, a nan ko a gida.

Malam Ghali